Maganin ƙwarin shinkafa yana cikin iri, ba cikin kwalbar feshi ba

Duk damina, da zarar shinkafa ta fara yabanya a fadamun Djougou da ƙauyukan da ke kewayen Parakou, sai ka ga manomi ya saɓa injin feshi. Sau da yawa ma maganin auduga ne ake karkatowa zuwa gonar abinci. Mun san inda wannan hanya ta taɓa kai mu. A daminar 1999 zuwa 2000 an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 37 a yankin Borgou sanadiyyar gubar endosulfan, har gwamnati ta haramta ta a 2008. Ni a ganina, lokaci ya yi da za mu mayar da hankali kan irin da muke shukawa.

Akwai wani ɗan ƙwaro mai kama da sauro da ke addabar shinkafar fadama a Afirka ta Yamma. Yana saka ƙwai a ganye, tsutsarsa ta gangara cikin zuciyar shukar, sai karan ya koma kamar ganyen albasa, ba zai fid da zangarniya ba. A 1988 ya yi mummunar ɓarna a yankin Abakaliki na Najeriya. To tsutsar da ke ɓoye cikin kara, ina feshi zai same ta? Abin da ya fi samu su ne ƙananan zanzaron da Allah ya ɗora wa aikin cinye ta. Ka kashe kuɗi, ka kashe mai gadin gonarka.

Amma ba kowace shinkafa wannan ƙwaro yake iya ci ba. Kamar yadda ɗa ke gadon tsawo ko haske daga iyaye, haka shuka ke gadon juriya ta hanyar ƙwayoyin gado da ke cikinta. Wata, tsutsar ta shiga amma ta kasa girma ta mutu. Wata kuma an ci ta, sai ta yi ta fitar da sababbin 'ya'ya ta rama asarar. Masu bincike sun samu juriya mai ƙarfi a cikin jar shinkafar kakanninmu, wadda aka fara nomawa a bakin kogin Neja a ƙasar Mali shekaru kusan 3,000 da suka wuce. Ashe dai da tsohuwar zuma ake magani.

Za a ce ai jar shinkafa ba ta da auki, tana kwanciya, tana zubar da 'ya'ya kafin girbi. Gaskiya ne. Shi ya sa Dokta Monty Jones, ɗan Saliyo, ya aurar da ita da shinkafar Asiya aka samu NERICA, aikin da ya ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Wannan barbara ce tsakanin shinkafa da shinkafa, ba a ɗauko wani abu daga wata halitta ba. Cibiyar da ta yi aikin, AfricaRice, ta zauna a Kwatano wajen shekara goma tun daga 2005. Sai dai kada mai sayar da iri ya ruɗe ka: ba kowace NERICA ce ke jure wa kowane ƙwaro ba.

Akwai darasi kuma daga Asiya. A 1973 aka fitar da wani iri mai suna IR26, mai ƙwayar gado ɗaya tak da ke kare shi daga wani ƙwaro mai tsotse ruwan kara. Kowa ya rungume shi. Cikin 'yan shekaru ƙwaron ya sauya, ya karya kariyar. Yawan feshi ya ƙara dagula lamarin, har a 1986 Indunusiya ta hana amfani da magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa. Ma'ana, ƙauye guda ya shuka iri guda haɗari ne, kuma duk tsohon irin da ya ɓace, wata garkuwa ce ta tafi ke nan.

Don haka ina kira ga cibiyar binciken noma ta INRAB da ke Ina, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Parakou, su riƙa gwada iri a fadamar manomi, a gaban idonsa, su kuma yi bayani a rediyo da Dendi, Baribanci, Fulatanci da Hausa. Iri ya zo da sunansa da sunan ƙwaron da yake jurewa, ba a auna shi a kwano a kasuwar Arzeke ba tare da an san asalinsa ba. Mu malamai kuma, lambun makaranta ya isa a shuka iri uku gefe da gefe, yara su ƙirga karan da ya zama albasa.

Kai kuma Malam manomi, 'yar jar shinkafar nan da Inna ke ajiyewa a tukunya, kada ka raina ta. Ware mata ko da kunya biyu a bana. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.