Sauri Bai Hana Su Durƙushewa Ba

'Yan'uwa ɗalibai, wata ɗabi'a ta kama mu, watau da an kawo zancen na'ura sai mu tambayi wacce ta fi sauri. Mu kam muna ganin wannan tambaya ba ta wadatar ba, balle ga waɗanda gobe za su zauna ofis su sayi kaya da kuɗin jama'a. Hujjarmu kuwa labarin waɗansu kamfanonin kwamfuta ne na Amurka.

A 1976 aka fito da Cray-1, giwar kwamfutocin lissafi ta zamaninta, kuɗinta ya haura dala miliyan 8. Wanda bai iya saye ba sai ya yi haƙuri da irin su VAX, masu rahusa amma masu nawa. Tsakanin biyun nan akwai fili, shi ne waɗansu injiniyoyi suka hango, suka ƙera matsakaita. Kamfanin Convex na Jihar Texas ya fitar da C1 a 1985 kan kimanin dala rabin miliyan. A shekarar nan Alliant ya kawo FX/8, mai ƙwaƙwalwa har 8 da ke raba aiki ɗaya a tsakaninsu. Josh Fisher kuma ya baro Jami'ar Yale suka kafa Multiflow a 1984, da dabarar ɗaure umarni masu yawa a dami guda, na'ura ta zartar da su lokaci ɗaya.

Lalle injunan sun yi aiki, ba wanda zai ce masu su ragwaye ne. To, amma Multiflow ya rufe a 1990, Alliant ya karye a 1992, Convex da ya fi su tsawon rai Hewlett-Packard ya saye shi a 1995.

Me ya cinye su? Ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da manyan masana'antu ke bugawa dubbai, kullum saurinsu na ƙaruwa, kuɗinsu na sauka. Kamfanin da ke sayar da injuna ƙalilan a shekara ina zai sami kuɗin wannan tsere? Har Alliant da kansa ya koma sayen ƙwayar i860 ta Intel, Convex ya koma ta Hewlett-Packard, duk da haka ba su tsira ba.

Su injiniyoyin ba su tagayyara ba. Fisher ya sami wuri a Hewlett-Packard, dabararsa ta bi shi. Tausayinmu yana ga wanda ya sayi Multiflow a 1988 don saurinta, bayan shekara 2 aka wayi gari kamfanin da zai kawo masa kayan gyara ya rufe ƙofa.