Ƙullutun Gefen Kunne Ba Kullum Ne Hangum Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san hangum: kumatun yaro su kumbura, ya yi zazzaɓi, cikin mako ɗaya ko biyu ya warware. Wannan sabo ne ya sa idan magidanci a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya ji ƙullutu a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi, sai a ce masa hangum ne ko kaluluwa, ya sayi ƙwayoyi a kemis ya koma harkarsa. Alhali a daidai wuraren nan ne mabuɓɓugan miyau suke. Manyansu shida ne, biyu a gaban kunnuwa, biyu ƙarƙashin muƙamuƙi, biyu ƙarƙashin harshe, sai ɗaruruwan ƙanana a ganɗa da leɓɓa da cikin kumatu. Kowace ɗaya tana iya fitar da ƙari, kuma wani ƙarin kansa ne. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, a wannan cuta jinkiri ke raba mai tsira da mai rasa ransa, kuma Zariya tana da abin da za ta rage jinkirin nan da shi ba tare da kashe maƙudan kuɗi ba.

Alƙaluma sun goyi bayan haka. Hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum 53,583 ne aka gano da kansar mabuɓɓugan miyau a duniya, 22,778 kuma suka mutu. A Amurka, inda ake bin diddigin marasa lafiya shekara da shekaru, kusan mutum ɗaya cikin 100,000 ke kamuwa a shekara. Cikin waɗanda aka gano tasu tana nan a mazauninta, sama da kashi 90 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar. Idan ta kai ga kaluluwar wuya, adadin ya sauko zuwa kusan kashi 70. Idan ta yaɗu zuwa huhu ko ƙashi, ba a kai rabi. Cutar ɗaya ce, likitocin su ne, lokacin zuwa asibiti ne ya bambanta. Matsalar kuwa ita ce ƙarin yakan fara ba ciwo, yana girma sannu a hankali, mu kuma ba mu saba kai abin da ba ya zafi asibiti ba.

Wani zai ce cutar ba ta da yawa, ga maleriya da mutuwar mata wajen haihuwa, don me za a ɓata lokaci a kanta? Gaskiya ne ba ta da yawa, amma abin da take buƙata a matakin farko ba gini ba ne, ba sabuwar na'ura ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan a Shika, gaba kaɗan da Samaru a kan hanyar Funtuwa, da likitocin kunne da hanci da maƙogwaro, da na tiyatar baki da muƙamuƙi, da masu binciken tsoka, da sashen kula da masu kansa. Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta kai mara lafiya can da wuri. Mai kemis da wanzami da ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa su ne suke fara ganin ƙullutun. Da za a koya musu ƙa'ida ɗaya, cewa duk kumburin fuska ko wuya da ya wuce mako uku bai sace ba a tura mai shi asibiti, kada a yi masa sakiya ko ƙaho, da an ceci masu wannan cuta tare da masu kansar baki da maƙogwaro da tarin fukan kaluluwa.

Akwai kuma masu cewa yawancin irin wannan ƙari ba kansa ba ne, tiyatarsa kuma tana karkatar da baki, don haka da muguwar rawa gara ƙin tashi. Rabin maganar daidai ne: a mabuɓɓugar gaban kunne kusan kashi uku cikin huɗu na ƙari ba kansa ba ne. Sai dai a ta ƙarƙashin muƙamuƙi abin ya kusa rabi da rabi, a ta ƙarƙashin harshe kuwa mafi yawa kansa ne. Hannu ba ya bambance su, sai an yi hoto an ɗebo samfuri da siririyar allura. Ƙarin da ba kansa ba ma, idan ya shekara da yawa, wani yakan rikiɗe. Batun baki kuwa, jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa ta tsakiyar mabuɓɓugar gaban kunne. Ƙari yana ƙarami likita yakan cire shi ya bar jijiyar lafiya. Idan kansa ta ci jijiyar, fuska ta shanye, abin da wasu ke ɗauka shafar iska, a nan ne ceto ke wuya. Tsoron tiyata shi yake jawo abin da ake tsoro.

Hujja mafi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba ta da amsa sai daga gwamnati. Asusun tallafa wa masu kansa na tarayya, wanda asibitin Shika yake cikin cibiyoyinsa na farko, ya soma ne da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Ya kamata cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa, NICRAT, ta faɗaɗa shi ya haɗa da kansar kai da wuya, a ƙalla kuɗin gwajin farko. Haka kuma a ƙarfafa rajistar masu kansa ta Zariya ta riƙa bibiyar kowane mara lafiya bayan sallama, domin wani nau'in cutar yana bin jijiya ya dawo a huhu bayan shekara goma ko fiye. Ƙaramar hukumar Sabon Gari kuwa tana iya tara masu kemis da wanzamai da ma'aikatan asibitocinta a horar da su kan ƙa'idar mako uku, ba sai ta jira umarni daga Abuja ba.