Kwalli da Zafin Garwa

 

Da zarar watan Maris ya kama, zafin Garwa yakan haura digiri 40, gumi ba ya barin fuska. Mace za ta zizara kwalli da safe, kafin azahar ya caɓe, ya gangaro ƙarƙashin ido ya yi jirwaye. Wasu sukan ɗora wa kwallin laifi su sayi wani, alhali sau da yawa gyaran yana ga yadda ake sa shi.

Kwalli gari ne, ruwa da maiƙo ke kwashe shi. Saboda haka a fara wanke fuska, a bari fatar ido ta bushe sarai. Kada a shafa mai ko basilin kusa da ido, kada kuma a kwaɓa kwallin da mai don ya ƙara baƙi, domin rana na bugawa zai narke. A tsoma tsinke a tandu, a kakkaɓe, a ja sau ɗaya siriri. Wanda aka rambaɗa shi ne ke fara zuba. 'Yar hoda kaɗan a ƙarƙashin ido tana shanye maiƙo. In gumi ya taso, a danna da ƙyalle mai tsabta, ban da murzawa.

Hanya mafi sauƙi tana cikin sunna. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan sa kwallin ismidi da dare kafin barci, sau uku a kowane ido. Kwallin da ya kwana ya riga ya zauna. Da safe sai a goge abin da ya fito waje, ragowar kuwa yakan yini.

Wasu kan koma ga fensirin ido na zamani wanda ruwa ba ya wankewa. A nan akwai lura. Bayan fatar ido yana cikin fuskar da ake wankewa a alwala, kuma malamai sun ce duk abin da ya yi kauri har ya hana ruwa taɓa fata, wajibi ne a cire shi. Garin kwalli ba ya hana ruwa. Mai son fensiri ta sa bayan alwala, ta goge kafin ta sake wata.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda caɓaɓɓen kwalli yake ƙarewa. Yawancin dutsen da ake niƙawa a yi kwalli a ƙasashenmu yana ɗauke da dalma, kuma ido ba ya iya bambance shi da ismidi. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida; da aka auna kwallin da ake sa masa, wanda aka kawo daga Nijeriya, sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Jariri yakan murza ido ya tsotsi yatsa. Uwa ma takan goge ido ta ba yaro abinci da hannun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dalma komai ƙanƙantarta tana da illa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi taɓawa.

Don haka muna roƙon iyaye su daina sa wa jarirai kwallin dutse, manya su wanke hannu bayan sun sa, kowa kuma ya riƙe tsinkensa, domin ciwon ido yana bin tsinke. Kada garin neman gira a rasa ido.

Allah Ya kare mana idanunmu da zuriyarmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya so.