Ɗaurin Talala Ga Kare Mai Firgita

Bahaushe ya daɗe da sanin ɗaurin talala, watau a ɗaure dabba da doguwar igiya don ta sake ta yi kiwo ba tare da ta faɗa gonar wani ba. Ana yi wa akuya da jaki wannan adalci, amma idan aka fita da kare mai firgita, irin wanda ke zabura da haushi da zarar ya hangi baƙo, sai a ga mai shi ya naɗe igiya a hannu har ya shaƙe masa wuya. Lalle wannan kuskure ne.

Da farko dai, yawancin haushin irin wannan kare na tsoro ne. Dabbar da ta tsorata kuwa takan nemi ja da baya, in ta rasa hanya sai ta kai cizo. Gajeriyar igiya ita ke toshe wannan hanya. Har ila yau, tun binciken Pavlov na ƙasar Rasha masana suka tabbatar cewa kare yakan danganta abubuwa biyu da suka saba zuwa masa tare. Idan kullum ganin baƙo yana tafe da shaƙa, to, baƙo ya zama alamar azaba ke nan.

Na biyu, da hanci kare yake fahimtar duniya. An ƙiyasta ƙwayoyin jin ƙanshi a hancinsa suna iya kai miliyan 300, na mutum kuwa kimanin miliyan 6. Igiya mai tsawon mita 3 zuwa 5 takan ba shi damar shinshina da kewaye abin da yake tsoro, hankalinsa ya kwanta.

Mai karatu yana iya cewa, ina batun lafiyar jama'a? Tambayar tana kan hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara. Saboda haka wajibi ne a yi wa kare allurar rigakafi, a fara talalar a fili inda ba cunkoso, a kuma rage igiyar a bakin titi da wajen yara.

A taƙaice, talala ɗauri ce, igiyar tana hannun mai ita. Abin da ake nema shi ne mai kare ya san lokacin saki da lokacin ja.