Toshe Kunne Don Ka Daɗe Kana Ji

Ɗan'uwa mai karatu, in kana da moto, ko kana hawan na wani, wanga darasi naka ne. Ke ma ƴar'uwa ki saurara, don mai gidanki, ko ɗanki, ko ƙanenki yana bisa hanya kullum. Wataƙila ma ke da kanki kina tuƙi.

In anka ce wane ya toshe kunnensa, ana nufin ya ƙi jin magana. Yau ga wani toshe kunnen daban, na alheri. Akwai wani ɗan abu da ake sa wa cikin kunne don ya rage ƙara. Sunansa matoshin kunne. A farmasi suna ce masa bushon. Ni a ganina, duk mai tafiya mai nisa bisa moto ya kamata ya samu nasa. Amma sai ya san irin da zai zaɓa, da inda zai sa shi, da inda zai cire shi.

Moto ya zama jakin zamani

Dubi Maraɗi, dubi Damagaram, dubi Tawa da Ƙonni. Ko'ina ƴan kabu-kabu ne. Da moto ake zuwa kasuwar ƙauye. Da shi ake kai mai naƙuda likita. Da shi malami yake zuwa makaranta, da shi manomi yake kai buhu gari. Akwai wanda ke hawa tun asuba, ba ya sauka sai bayan lisha. Da wanga aiki yake ci da iyalinsa.

Mai moto yana kula da mai. Yana kula da taya, da birki, da buji. In ya ji injin ya sake murya, nan da nan ya nufi gareji. To, da mi ya ji muryar injin? Da kunne. Da mi yake jin kiran fasinja? Da mi yake jin mota na tafe bayansa? Da kunne. Ashe kunne ma kayan aiki ne. Bambancinsa da buji guda ne: buji in ya mutu ana sayen sabo, kunne kuwa babu shi a kanti.

Iska ita ce ɓarauniyar

Mutane da yawa suna tsammanin ƙarar injin ce kaɗai ke ɓata kunne. Tana ɓatawa, balle in an fasa salansa, wato bututun hayaƙi, don moto ya riƙa kuka. Amma bisa babbar hanya, in gudu ya yi gudu, iska ta fi injin ƙara. Tana dukan kai, tana kewaya kunne, tana huuu ba fasawa. Kai ka saba da ita, har ba ka lura. Kunnenka kuwa bai saba ba, wahala yake sha.

Hular kwano, wadda muke ce ma kaske, wajibi ce. Ita ke tsare kai ranar faɗuwa. Amma ba ta hana ƙarar iska yadda ya kamata, don iska na shiga ta ƙarƙashinta, wajen wuya. Rawani kuma yana tsare ƙura da sanyin hunturu. Ƙara kuwa ratsa shi take yi.

Abin da ke cikin kunne

Can cikin kunne, bayan fatar nan mai kama da ta ganga, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa. Cikinsa akwai ƴan ƙananan gasu, wajen 15.000 a kowane kunne. Ido ba ya ganinsu. In sauti ya shigo sai su motsa, su kai labari ga ƙwaƙwalwa. Ta haka kake jin magana.

Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da gasun nan, kamar yadda iskar hadari ke kwantar da hatsi a gona. In sau guda ne, suna iya tashi bayan hutu. In kullum ne, sai su mutu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura, babu ƙwaya, babu sassaƙe da ke maido shi.

Abin tsoron shi ne, ba ciwo, ba jini. Amma jiki magayi ne. Ka taɓa sauka daga doguwar tafiya ka ji kunnenka na kuka kamar gyare? Ko ka ji maganar mutane kamar daga cikin rijiya? Wannan gargaɗi ne. In abin ya yi nisa, sai ka ga mutum yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, musamman cikin kasuwa ko wurin biki. Yana yawan cewa "Na'am? Mi ka ce?" Yana ƙara ma rediyo murya har iyali su gaji. A ƙarshe ya bar zama cikin mutane don kunya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta faɗa a shekarar 2021 cewa mutane wajen miliyan 430 ke fama da rashin ji mai tsanani a duniya. Ta kuma keɓe ranar 3 ga watan Maris ta kowace shekara don tunawa da lafiyar kunne.

Mu yi lissafi

Yadda ake auna hatsi da tiya, ake auna hanya da kilomita, haka ake auna ƙara da wani ma'auni mai suna desibel. Hirar mutum biyu wajen desibel 60 ce. Wannan ba ta cutarwa. Masana lafiyar ma'aikata sun ce daga desibel 85 haɗari ke farawa. Ga ƙa'idar: duk lokacin da ƙara ta ƙaru da 3, lokacin da kunne zai iya jurewa a yini yana raguwa da rabi.

Desibel 85: awa 8.
Desibel 88: awa 4.
Desibel 91: awa 2.
Desibel 94: awa 1.
Desibel 97: minti 30.
Desibel 100: minti 15.

An auna ƙarar iska cikin hular masu moto a Ingila. A gudun kilomita 60 cikin awa, ta kai wajen desibel 90. A gudun 80, wajen 95. A gudun 100, wajen 100.

To, ɗauki alƙalaminka. Daga Maraɗi zuwa Tasawa ya fi kilomita 100. Daga Ƙonni zuwa Tawa ma haka. In kana gudun 80, kunnenka ya cika rabonsa na yini tun awa guda ba ta cika ba. Kai kuwa ba ka ko isa ba, ga kuma komowa. Yanzu a ce ka sa matoshi mai rage 20. Cire 20 daga 95, saura 75. Da 75 kana iya wuni bisa hanya kunnenka lafiya lau.

Wane iri za ka zaɓa?

Na farko, na soso. Yana da laushi, ana murza shi a sa, ya kumbura ciki. Shi ya fi araha, kuma yana rage ƙara sosai in an sa shi daidai. Aibinsa, yana saurin datti, ba ya son wanki. In ya yi baƙi, ko ya bar kumbura, a jefar.

Na biyu, na roba. Yana da ƴan hawa biyu ko uku kamar lema. Ana wanke shi da ruwa da sabulu, yana daɗewa. Ga ƙasarmu mai ƙura da zufa, wannan babbar daraja ce.

Na uku, na roba mai ƴar matata a tsakiya. An yi shi don ya rage ƙara ba tare da ya shaƙe magana ba. Ya fi sauran tsada, ya fi su wuyar samu. Amma ga wanda aikinsa ke nan kullum, ya cancanci kuɗinsa.

Ana nemansu a farmasi, ko a kantin da ke saida kayan ma'aikata, irin su safar hannu da tabaran walda. In ka samu, ka lura da abu uku.

Ka karanta lambar da ke jikin takardar. Ga amfanin karatun da kake yi! Za ka ga haruffa SNR ko NRR, da lamba kusa da su. Ita ke nuna yawan ƙarar da matoshin ke ragewa. Ga mai moto, tsakanin 20 da 30 ya isa. Ka sani kuma, in ba a sa shi daidai ba, ba zai rage ko rabin abin da anka rubuta ba.

Ka dubi girmansa. Ramin kunnen kowa daban ne. In yana faɗuwa, ya yi maka ƙanƙane. In yana maka zafi, ya yi maka girma.

Ka dubi tsawonsa. Wanda ya fito waje da yawa, hula za ta danne shi, ko ta fizge shi lokacin da kake sa ta. Gajere ya fi.

Abin da ba matoshi ba ne

Wani zai ce: "Ai ga auduga, kyauta ma." Auduga tana tsare ƙura, amma ƙarar da take ragewa kaɗan ce ƙwarai. Tana kuma barin zare cikin kunne. Takarda, da tsumma, da leda, duk haɗari ne. Suna iya maƙalewa, sai an je likita.

Mafi muni shi ne abin sauraren waƙa na salula. Samari suna sa shi, su ƙure murya don ta rinjayi iska. Ƙara bisa ƙara ke nan. Ga shi kuma hankali ya rabu da hanya.

"In ban ji oda ba fa?"

Wagga tambaya gaskiya ce, kuma mai yin ta yana da hankali. Kurman direba haɗari ne ga kansa da fasinjansa. Amma matoshi ba ya maida mutum kurma. Rage ƙara yake yi, ba kashe ta ba. Bisa babbar hanya, iska ce ke rufe maka odar mota. Kunnen da ya sha iska awa biyu ya gaji, ba ya ji da kyau. Wanda anka tsare kuwa yana nan garau, mai shi ma bai gaji sosai ba.

Cikin gari magana ta sake. A can gudu kaɗan ne, iska ba ta da ƙarfi. Ga yara, ga amalanke, ga awaki, ga mai kira daga bakin hanya. A nan kana bukatar kunnenka duka. Don haka shawarata ita ce: in za ka kama doguwar hanya, ka tsaya a bakin gari ka sa. In ka iso gari, ka tsaya ka cire. In motonka ne mai kuka har cikin gari, maganinsa gyaran salansa. Kada kuma ka mance da madubi. Ido da kunne tare suke aiki.

Yadda ake sa na soso

Ka wanke hannu, ko ka goge shi sarai. Hannun da ya taɓa baƙin mai bai kamata ya taɓa matoshi ba. Ka murza soson da yatsu har ya zama siriri. In kunnen dama ne, ka ɗaga hannun hagu ta bisa kai, ka ja kunnen sama da baya. Ka tura soson a hankali. Ka riƙe shi da yatsa, ka ƙirga har 30, ya kumbura. In ya zauna daidai, za ka ji muryarka ta yi kauri cikin kanka. Wajen cirewa, a hankali, kana ɗan juya shi. Ka aje shi cikin ɗan gwangwani mai murfi, ba cikin aljihu tare da canji da goro ba. Kada ka ara ma kowa, kada ka ari na kowa.

In kunnenka na ciwo, ko yana zubar da ruwa ko mugunya, kada ka toshe shi. Ka tafi likita tukuna. In kukan kunne ya ƙi tsayawa, ko ka ga jinka ya ragu, ka nemi a tura ka wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A babban asibiti ana rubuta ORL a ƙofarsa.

Kira ga kowa

Matoshi ba ya samuwa a kowane gari. Dalili, ba mu nemansa. Ɗan kasuwa ba ya kawo abin da ba a tambaya. In ƴan tasha guda sunka haɗa kuɗi, sandika ta aika a sayo masu kwali guda, kowa zai samu da sauƙi. Masu saida kaske da buji su ma su aje shi kusa. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai zama kusa da janareto, duk maganar ta shafe su.

Wataƙila abokai su yi maka dariya ranar farko. Bar su. Wanda ya fara sa kaske ma an yi masa. Ka tuna abin da kake tsarewa: kiran salla da asuba, muryar mahaifiyarka, karatun ɗanka in ya komo daga makaranta. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, kai ma ka tsirar da kunnen. Kada ka yi kunnen ƙashi. Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya.

Tambayoyi

1. Bisa babbar hanya, mi ya fi ɓata kunnen mai moto?
2. In ƙara ta kai desibel 94, awa nawa kunne zai iya jurewa?
3. Don mi auduga ba ta isa ba?
4. Ina ya kamata a sa matoshi, ina ya kamata a cire shi?
5. A garinku, wa za ku gaya ma wanga labari yau?