KAREN GADI DABAN, MUGUN KARE DABAN

 Maganar da za mu tattauna a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma tana iya raba mutum da maƙwabcinsa, ta raba shi da masu sayen madararsa, har ma ta raba shi da ɗansa. Maganar kare ce.

Tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023, mutanen Bahri da Hartum da Umdurman suka watse, da yawa suka bar karnukansu a baya. Karnukan nan suka shiga yawon titi suna cin abin da suka samu, har da gawar da ba a sami damar binnewa ba. Da jama'a suka fara komowa a 2025, mai 'yar sauran dabba ya tarar babu abin da ya fi damunsa kamar ɓarawo. Saboda haka daga zaribun Hillat Kuku har zuwa Kadaro, mai garke ya ga ba shi da mafita sai ya ajiye kare. Wani ya sami nasa na da, amma halinsa ya sake. Wani kuma babban kare ya karɓo daga hannun wani, bai san inda ya tashi ba, bai san abin da ya gani ba.

Ba mu ce kada a ajiye kare ba. Shari'a ta yarda da karen kiwo da na gona da na farauta. Abin da muke cewa shi ne, zafin kare ba shi ne gadi ba, kuma karen da ke cizon mutanen gida da baƙi bala'i ne mai shi ya ɗaure a ƙofarsa.

MENE NE AIKIN KAREN GADI?

Aikinsa ya ji, ya yi haushi, ya tada mai garke, ya tsaya tsakanin dabbobi da abin da ya zo. Shi ke nan. Ɓarawon dare ba haƙorin kare ya fi tsoro ba, hayaniyar da za ta tada mutane yake tsoro. A ƙasar Namibiya tun 1994 ake raba wa masu awaki da tumaki manyan karnuka irin na Turkiyya domin kare dabbobinsu daga namun daji. Ana sa kwikwiyo cikin garke tun yana ƙarami har ya ɗauki awaki 'yan'uwansa, kuma yawancin aikinsa haushi ne da tsayawa a gaba, ba faɗa ba.

Amma har yanzu akwai masu ganin sai an gallaza wa kare kafin ya yi gadi. Su ɗaure shi da sarƙa yini da kwana a rana, su hana shi abinci, su zuba masa barkono a tuwo, su sa yara su riƙa tsokanarsa wai don ya yi zuciya. Wannan ba ya haifar da jarumin kare, sai matsoracin da ya ɗauki kowane ɗan Adam abokin gaba. Irin wannan kare bai san bambancin ɓarawo da yaron da aka aiko sayen madara ba. Ran da sarƙa ta tsinke, wanda ya fi kusa shi zai sha, kuma wanda ya fi kusa galibi ɗan gida ne.

A FARA TAMBAYA: KO CIWO NE?

Duk karen da ya girma da hali mai kyau, rana ɗaya ya juya ya fara kai cizo, kada a ce taurin kai ne. A fara zargin ciwo. Ƙaya a dagi, ruɓaɓɓen haƙori, ciwon kunne, harbin saniya a haƙarƙari, duk suna sa kare ya ciji hannun da ke ba shi abinci. Karya mai jego ma haka take, sai a ba ta wuri har 'ya'yanta su tasa.

Mafi muni shi ne haukan kare, wanda ake kira sa'ar a nan Sudan. Alamominsa su ne sakewar hali farat ɗaya, dalalar yawu, sakewar murya, cizon itace da ƙarfe da duk abin da ya gitta, yawo ba dalili, ko kuma shanyewar muƙamuƙi da ƙafafun baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta hanyar kare. Cikin kowane mutum 10, wajen 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, to sai dai addu'a. Kare mai waɗannan alamu ba a horonsa, ba a kama shi da hannu. A killace wurin, a kira likitan dabbobi.

Mu masu shanu abin ya shafe mu ta fuska biyu, domin saniya ma tana kamuwa idan mahaukacin kare ya cije ta. Za a ga tana kuka ba tsayawa, tana dalala, ta kasa haɗiya kamar wani abu ya maƙale mata. Nan ne makiyayi kan zura hannu a bakinta don ya ciro abin. Don Allah kada a yi haka.

KARE MAI ROWAR ABINCI DA WURI

Idan an tabbatar lafiyarsa ƙalau, sai a duba a kan me yake gurnani. Wani a kan kaskon abinci ne ko ƙashi, wani a kan inuwar da yake kwanciya, wani a kan ƙofar zariba, wani kuma a kan mai shi, ba ya son kowa ya matso kusa da shi. Asalin wannan duka tsoron rashi ne. Karen da ya yi shekara biyu yana ƙwatar loma a bola ya koyi cewa duk mai matsowa ƙwace ya zo yi. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma babban kare ma yana saituwa idan an yi haƙuri. Ga abin da muke ba da shawara.

Na farko, kada a doki kare don ya yi gurnani. Gurnani sallama ce, yana cewa a ja baya. Idan aka doke shi, tsoron bai fita ba, sallamar ce kawai ya daina, gobe sai ya yi cizo ba gargaɗi. A lura da sauran alamu kuma: ƙanƙamewar jiki, tashin gashin baya, yage leɓe, kallo ta wutsiyar ido. Wanda ya ga haka ya tsaya, ya kau da ido, ya ja da baya a hankali. Kada ya ruga.

Na biyu, a ba shi abinci isasshe a kan lokaci, safe da yamma, a keɓaɓɓen wuri inda yara da maruƙa da kaji ba sa bi. Ruwa kuwa kada ya yanke masa, balle a zafin Bahri. Idan karnuka biyu ne, kowa da kaskonsa, nesa da juna. Ba a ɗaukar kasko sai ya gama ya bar wurin.

Na uku, a koya masa cewa zuwan mutum ƙari ne, ba ragi ba. Mutum ɗaya babba, wanda karen ya fi sani, ya tsaya daga nesa inda karen bai damu da shi ba yana cikin ci, ya jefa masa abin da ya fi na kaskon daɗi, kamar 'yar tsokar dafaffen nama, ya wuce abinsa. A yi haka kullum. Bayan kwanaki, idan an ga yana ɗaga kai da murna, sai a matso taki ɗaya. Ran da ya ƙanƙame, an yi gaggawa ke nan, a koma baya. Aikin makonni ne, wani lokaci watanni. Idan kuma ya ɗauki abin da ba a so, kada a yi kokawa da bakinsa, a jefa masa wani abin can gefe a yi musanya.

Na huɗu, maganar baƙi. A yi wa kare ɗaki ko shinge mai inuwa nesa da hanyar shiga, a sa shi ciki lokacin tatsa da lokacin da masu sayen madara da dillalai ke zuwa, a sake shi cikin zariba da dare bayan an rufe ƙofa. Wannan ya fi ɗauri da gajeriyar sarƙa nesa ba kusa ba. Sabon yaron kiwo kuwa, mai garke ya gabatar da shi da kansa, karen yana riƙe da igiya, yaron ya riƙa jefa masa abinci har su saba. Karen da ya taɓa cizo, a saba masa da takunkumin da zai bar shi ya yi haki, kafin a fita da shi. Fatake masu bin shanu zuwa kasuwar Muwailih su bar irin wannan kare a gida, cunkoson kasuwa ba wurinsa ba ne.

Na biyar, yara. Kada a bar yaro ƙarami da kare su kaɗai, komai sabonsu. A hore su kada su taɓa kare yana ci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. A kuma gaya musu duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa, ba za a doke shi ba. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron bulala, shi ne ake rasawa bayan wata biyu ko uku.

Masu cewa dandaƙa ita ce magani, su sani tana rage yawon bin karya, amma ba ta cire tsoro daga zuciyar kare.

IDAN CIZO YA AUKU

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Kada a tsaya ɗaura gashin karen ko toka a kan ciwon. A tafi asibiti a ranar domin allurar riga-kafi, a kuma cika adadin da likita ya faɗa. Karen kuwa a tsare shi kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, a riƙa sanar da likita halin da yake ciki. Amma kada a ce sai kwana goman sun cika za a fara allura. Mai kare ya bi wanda aka ciza asibiti, ya ɗauki nauyin magani ba sai an kai ƙara ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayani cewa wanda ya ajiye kare mai cizo, aka gargaɗe shi ya ƙi ji, to ɓarnar da karen ya yi tana wuyansa. Mu kuma mun san yadda ƙaramar magana tsakanin makiyayi da maƙwabci take girma ta zama ta ƙabila da ƙabila. Muna neman haƙƙinmu na wurin zariba da ruwa da hanyar shanu, bai kamata mu ba wani hujjar cewa zama da mu haɗari ne ba.

Akwai kuma karen da ba ya saituwa. Wanda ya yi mummunan cizo fiye da sau ɗaya ba tare da gargaɗi ba, musamman ga yara, kada a kai shi bakin Nilu a sake, kada kuma a ba wani ba tare da an gaya masa gaskiya ba. Wannan tura wa wani bala'i ne. A nemi likitan dabbobi ya yanke hukunci, idan rabuwa ce a yi ta ba da azaba ba.

KIRA GA HUKUMA DA 'YAN'UWA

Masana sun tabbatar idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, haukan kare yakan mutu a yankin. Zuba guba a titi ba ya yin wannan aiki, domin wasu karnukan ne za su cike gurbin, ga kuma haɗarin gubar ga dabbobinmu. Hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan a daina mutuwa daga cizon mahaukacin kare, kuma kowace 28 ga Satumba ana tunawa da wannan cuta. Bahri ba baƙuwar wannan ilmi ba ce, a Shambat Jami'ar Hartum ta yi shekaru tana yaye likitocin dabbobi. Muna roƙon hukumomin lafiya da na dabbobi na Jihar Hartum, duk ran da aka fito yi wa shanu allura a haɗa da karnukan zaribu, a kuma wadata asibitoci da allurar mutane a farashin da talaka zai iya.

Mu kuma namu shi ne kowane shugaban zariba ya ƙidaya karnukan da ke wurinsa, ya san mai kowanne, ya san wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba. Kwikwiyo daga wata 3 ake fara masa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce, a adana takardar kamar yadda ake adana ta shanu. Wanda karensa ke kai wa mutane hari, a gargaɗe shi a gaban shaidu.

Mun iya zama da bijimi mai ƙaho har ya san muryarmu, kare ba zai gagare mu ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya tsare mu da iyalinmu da dukiyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.