Ƙasar da ta gina ganuwar Bauchi ba ta ƙare ba

Ganuwar da Ƙofar Ran take jikinta da jar ƙasa aka gina ta, bayan Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a wajajen 1809. Yau wanda ya samu fili a unguwannin da ke kewaye da ƙofar ba ya ma tambayar kansa da me zai yi gini: bulon siminti ne a ƙasa, kwano a sama. Idan Maris da Afrilu suka zo, zafi ya kai ma'aunin 40, sai ɗakin ya koma murhu, kwano yana ƙara kamar ana taka shi, mai gida ya kwashe tabarma zuwa tsakar gida yana jiran a kawo wuta. A ganina wannan zaɓi da ake kira ci gaba asara ce ga aljihu da lafiya da muhalli, kuma lokaci ya yi da ƙasa za ta dawo cikin lissafin magina, amma da gyara.

Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi sanyi, shi ya sa soro yake da ni'ima da tsakar rana. Bulo mai rami ba shi da wannan haƙurin. Ga kuma tsada: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, alhali kamfanin Ashaka yana nan kusa da mu a Gombe. Sannan haɗa siminti, wanda ke buƙatar gasa farin dutse da wuta mai tsananin ƙarfi, shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya.

Masu suka za su ce ginin ƙasa ba ya jure damina, kuma kowane Agusta ana jin labarin katangar da ta faɗa wa mutane. Gaskiya ne, amma a duba abin da ke kayar da ita: tushe marar dutse, indararon da ya toshe, yaɓen da aka shekara biyar ba a sabunta ba. Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen 1860, yana tsaye har yau da bakan-gizonsa, kuma tun 1956 yake cikin kayan tarihin ƙasa. Abin da ya fi wannan ma, akwai bulon ƙasa na zamani, wanda ake cakuɗa jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, a matse da inji, a shanya ba tare da an ƙona itace ba. Da irinsa Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji, garin Hausawa a Nijar, aka kammala a 2018. Francis Kéré ma da ƙasa ya gina makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso, ya ɗaga rufin kwano sama da bango domin iska ta ratsa, kuma a 2022 ya karɓi Pritzker, lambar yabo mafi girma ta masu zanen gine-gine.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta azara da kududdufi. Giginyar da ake samun azara daga gare ta ta yi ƙaranci, kuma ba wanda ke son a sake haƙa ramukan da sauro zai tare a tsakiyar gari. Maganin na farko shi ne rufin baka na bulo ko kwanon da aka ɗaga, na biyu kuma hukuma ta ware wuraren ɗibar ƙasa a bayan gari kamar yadda ake yi da yashi.

Sai dai babban cikas ɗin yana cikin zukata. An mayar da gidan ƙasa alamar talauci, har mai neman aure ma yakan ji kunyarsa, kuma birkila ba zai koyi aikin da ba wanda zai biya shi ba. Wa'azi ba zai sauya wannan ba, gani da ido ne zai sauya. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa tana da sashen zanen gine-gine a cikin garin nan, Najeriya kuma tana da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi tun 1978. Gwamnatin Jihar Bauchi ta haɗa su da magina, a fitar da ƙa'idar ingancin bulon ƙasa, sannan ajujuwa da ɗakunan shan magani da za a ba da kwangilarsu nan gaba a gina wasu daga ciki da shi, a fara da cikin gari inda kowa zai shiga ya ji bambancin da jikinsa.